Allura a Kan Sunan Musbahu

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Kafin komai ku taya ni murna, yau na ci abinci. Tuwon shinkafa malmala biyu da miyar taushe, har da suɗe hannu, Umma tana kallona tana cewa dama ciwon nawa bai wuce na Musbahu ba. Ban musa mata ba, don gaskiya ta faɗa. Kwanakin nan da kuka ji ni shiru aurena ne ya kusa rushewa, kuma ba wata mace ce ta shiga tsakani ba. Kwali ne, irin wanda ake zuba bokitan roba a ciki.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Aina'u. Gidanmu yana Sharaɗa, a layin da idan jiniyar kamfani ta yi kuka sai kofunan Umma sun amsa. Ina ajin ƙarshe a jami'a, tarihi nake karantawa. Musbahu kuwa shi ke kula da injina a wani kamfanin roba da ke bayan layinmu, sati guda aikin safe, sati guda na dare, shi ya sa rabin zancenmu a waya yake. Magana ta yi nisa, har an ce kawunnansa za su zo a sa rana.

Da aka zo zaɓen abin da kowa zai yi binciken gama makaranta a kai, ƙawayena suka rarrabe ganuwar Kano da marinar Ƙofar Mata. Ni kuwa da yake kaina ba ya son miƙaƙƙiyar hanya, na ce yadda mutanen Maya suke ƙidayar kwanaki zan yi. Wasu al'umma ne da suka yi zamani a wajen Meziko da Gwatamala, jikokinsu na nan har yau. Tun ina firamare sunansu ya maƙale mini, shekarar da aka yi ta yayata wai kalandarsu ta ce duniya za ta tashi. Har kuka na yi a lokacin don ban taɓa shiga jirgi ba. Sai da na girma na gane ba tashin duniya suka faɗa ba, wata doguwar ƙidayarsu ce ta cika ta koma farko.

Suna da sunayen rana guda ashirin, kamar yadda muke da Litinin da Talata, sai lambobi sha uku da ke tafiya tare da su. Kullum suna ya matsa, lamba ta matsa, ba sa komawa inda suka faro sai bayan kwana ɗari biyu da sittin. Ga kuma shekarar rana a gefe tana nata juyin. Na yi ta karantawa abin ya ƙi zama a kaina, har na yi wa Musbahu ƙorafi a zaure. Ya ce in bari ya yanka mini shi kamar haƙoran inji, ƙaramin faifai yana juya babba, in gani da idona. Ya kuwa zo da kwalaye daga kamfani, ya zauna da reza ya yanka faifai uku masu haƙora. Ni kuma na zana alamomin ranakun da biro mai kauri. Akwai biri, akwai damisa, akwai wata alama mai kama da ƙoƙon kan mamaci.

Wata rana da yamma ina wasa da manhajar da ke mayar da kwanan watanmu zuwa nasu, sai na sa ranar haihuwarsa. Na tura masa:

"An haife ka ranar Kimi. Ka san ma'anarta? Mutuwa."

Ya ɗan jima kafin ya amsa. "Ba su yi ƙarya ba. Tun da na gan ki ban farfaɗo ba."

Na yi dariya har na ƙware. Na yagi 'yar takarda na rubuta sunansa, na ga wata allura a bakin taga, na soke takardar a jikin alamar ƙoƙon kan, na ɗauki hoto na tura masa. Daga nan na jingine faifan da bango na manta.

Sai ga Gwaggo Rakiya. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi tun yana jinjiri, don haka maganarta a kansa ta fi ta kowa nauyi. Ta taso daga Ɗorayi ta zo duba Kaka Talatu, mahaifiyar Babanmu, da gwiwa ta sa a gaba. Ina makaranta, amma Umma ta ba ni labari har da kalar kaya: leshi ruwan goro, mayafi mai duwatsu, ƙamshin turare tun daga zaure. Da la'asar ta yi, Umma ta kai ta ɗakina ta yi sallah, wai don ta ga surukar tata ba ƙazama ba ce. Gwaggo ta yi sallama dama, ta yi hagu, idonta ya sauka a kan fuskokin nan, da ƙoƙon kai, da sunan ɗanta an soke shi da allura. Ko addu'a ba ta shafa ba. Ta bar zoɓonta da cincin ɗinta a faranti ta fice.

Washegari aka aiko wai an ɗaga zuwan kawunnai, sai an ƙara shawara. Duk 'yar Kano ta san abin da wannan shawarar take nufi.

Musbahu ya je ya yi mata bayani har muryarsa ta dushe. Ta ce ai alamar ke nan, wanda aka yi wa aiki shi ke fara kare mai aikin. Ya ce da hannunsa ya yanka kwalin. Ta dafe ƙirji ta ce ashe har sa shi aka yi ya yanka da kansa. Duk abin da ya faɗa sai ya zama wata sabuwar shaida a kaina. Da ya kira ni yana ba ni labari, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi kukan.

A gida kuma Umma ta sa ni gaba. In ƙona shi, yau ɗin nan, ta ma ɗauko ashana. Na ce da shi zan tsaya gaban malamai in kare bincikena. Ta ce malaman ne za su aure ni? Ta ce duk layin nan babu wadda aka taɓa jifa da maganar boka sai 'yarta, 'yar da ta sauke Alƙur'ani. Wannan ta fi yi mini ciwo, don na san tsoro ne yake sa ta faɗa. Muna cikin haka Kaka ta ɗaga labulenta ta ce in kawo mata kayan tsafin nawa ta ajiye. Ta tura shi ƙarƙashin gadonta, bayan tasoshinta, ta ce kada wanda ya taɓa allurar, a bar ta yadda aka gan ta. Babu mai ƙona abin da ke ƙarƙashin gadon Kaka.

Sai kuma Baba. Malam Dalhatu ke nan, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kamfanin fatu na Chalawa, kuma ya iya shirun da ke hana mutum barci. Ashe bayan sallar Juma'a ya hau babur ɗinsa ya tafi Ɗorayi da kansa. Ya roƙi Gwaggo ta dawo ta ga abin da rana tsaka, a gaban kowa, in ya so ta yanke hukuncinta.

Ranar Lahadi bayan la'asar ta zo. Na zumbula hijabi ruwan toka har ƙasa, ko kwalli ban sa ba, Kaka ta ce wa ya rasu. Musbahu yana bakin aiki, kuma in sun shiga wajen injina a akwati suke barin wayoyinsu. Duk da haka na tura masa: "Ta zo. Ka yi mini addu'a." Saƙon ya tafi ya zauna, ba a buɗe ba.

An shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Zafi ake yi mai sa mutum ya tsani kayan jikinsa, ga babu wuta. Umma ta ajiye zoɓo mai ƙanƙara a gaban Gwaggo, ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya ce in ɗauko abin. Da na ajiye shi a tsakiya, Gwaggo ta janye ƙafafunta tana motsa baki.

Na fara bayani. Na juya ƙaramin faifan, babban ya bi shi. Na ce wannan na uku shekararsu ce, wata sha takwas masu kwana ashirin-ashirin, da ragowar kwana biyar. Na ce idan aka haɗa ƙidayar biyu, cikakken sunan rana ɗaya ba ya sake dawowa sai bayan shekara hamsin da biyu, shi ya sa a wurinsu lokaci zagaye yake yi, ba wucewa kawai ba. Ina cikin zuba Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ni ba lissafi na zo ji ba. Tambaya ɗaya ce. Mutanen nan suna duba da shi ko ba sa yi?"

'Yan uwa, ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Umma tana yi mini wani kallo mai cewa ki ce a'a mu huta. Amma babi guda na rubuta a kan wannan, kuma Baba yana zaune.

"Suna yi, Gwaggo. Malaman addininsu sukan ce wannan rana mai kyau ce, waccan ba ta da kyau. Ragowar kwana biyar ɗin nan ma tsoronsu suke ji."

Umma ta runtse ido.

"Ke fa?" in ji Baba.

"Ni labarinsu nake karantawa, Baba, kamar yadda ake karanta na Fir'auna. Ranaku duk na Allah ne."

"To sunan ɗana fa?" Gwaggo ta nuna da baki. "Me ya kai shi nan, har da allura?"

Nan ne ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ta yaya zan faɗi hirarmu ta waya a gaban Baba, ni da ko sunan Musbahu ba na iya kamawa in yana wurin? Na sunkuyar da kai na ce wasa ne, ranar haihuwarsa ce ta faɗo a kan alamar, na tsokane shi. Ta tambayi ma'anar alamar. Na ce mutuwa. Sai na ga fuskarta ta canza, irin canjin da ban gane ba a lokacin.

Kaka ce ta ja jiki, ta miƙa hannu ta zare allurar, ta kai ta dab da idonta.

"Au, ashe ke ce ɓarauniyar. Allurar mayafina ce, mai farin kai, tsarabar Madina. Na zargi kowa a gidan nan har da kaji." Ta soke ta a ɗankwalinta. "Rakiya, in asiri ne da allurata aka yi, sai ki haɗa da ni."

Baba ya yi tari don ya ɓoye dariya. Daga baya na gane tun ranar farko Kaka ta ga allurarta, ajiye ta ta yi don wannan zaman.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce kwanakin da kwalin ya yi a ɗakinta, in ta gaji da jan carbi sai ta jawo shi ta yi ta juyawa, kuma ita ba ta ga baƙon abu a ciki ba. Ta ce ta ji ina cewa mutanen nan suna ba yaro sunan ranar da aka haife shi, to ita don me ake ce mata Talatu? Ta ce su suna da ƙidaya biyu, mu ma biyu gare mu, ta wata da muke azumi da ita, da ta damina da manomi yake shuka da ita, kuma ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ta sa yatsa a haƙorin faifan tana turawa a hankali.

"Shekarar da aka kai ni ɗaki, azumi a bakin zafi ya faɗo, mangwaro yana fara nuna. Ina ji ina gani ya ja baya ya shiga sanyi, ya shiga kaka, ya shiga damina muna shan ruwa da ɗanyar masara. Bai dawo bakin zafi ba sai shekarar da Dalhatu ya auri Maryam, uwar yarinyar nan. Ga shi bana ya sake dawowa, ana maganar auren wannan mai ƙaton kan. Ni ban yi duba ba, Rakiya. Daɗewa na yi."

Can wata tirela ta wuce a bakin titi, ƙasa ta ɗan girgiza. Sai Gwaggo ta yi magana, muryarta ta sauka ƙasa sosai. Ta ce a wancan azumin na bakin zafi aka haifi Musbahu. Ta ce da azumi a bakinta ta goyo shi daga asibiti, mahaifiyarsa kuwa ba ta kai magariba ba. Ta ce tun daga ranar, ko ƙaya ce ta soke shi ita take fara jin zafin, to ina ga ta ga sunansa a jikin ƙoƙon kai.

Na san mahaifiyarsa ta rasu yana jinjiri, amma ban taɓa sanin ranar haihuwar tasa ba ce. Na tuna yadda ya ɗan jima kafin ya amsa saƙona. Na matsa na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini, ban sani ba. Hawaye nake yi na gaske, hijabin ya jiƙe har wuya.

Ta dafa kaina. Ta ce in tashi, ita ma ta yi gaggawa.

Baba ya yanke magana a taƙaice, yadda ya saba. Sanin yadda wasu mutane suka ƙirga kwanakinsu ilimi ne, ba bin addininsu ba ne. Amma daga yau kada sunan kowa ya sake hawa kwalin nan, kuma ina gama jarrabawa in bar wa makaranta kayanta. Na ce to, da sauri har sau nawa ban sani ba. Gwaggo ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauki kofin zoɓon da ƙanƙararsa ta gama narkewa, ta shanye, ta miƙa wa Umma ta ce a ƙara mata. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana shan zoɓo irin na ranar ba.

Jiniyar tashi na yin kuka wayata ta ɗauki ƙara, Musbahu ne. Yana tafe yana haki, ina jin ƙararrawar kekunan ma'aikata a bayansa.

"Yaya aka yi?"

"Ta sha zoɓo."

"Kofi nawa?"

"Har da ƙari."

Na ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, yana ta alhamdulillahi. Sai na tambaye shi don me bai gaya mini ba ranar da na yi masa wancan wasan. Ya ce ya ga ina cikin farin ciki ne, bai so ya ɓata mini. Ya ce kuma maganar da ya faɗa ba ƙarya ba ce, har yanzu bai farfaɗo ba. Na ce ya kiyaye ni, Baba yana tsakar gida. Ku yi mini shaida, irin wannan mutumin ne aka so kwali ya raba ni da shi.

Jiya kawunnan suka zo da goro da alawa, manyan riguna sai ƙamshi. An sa rana bayan Babbar Sallah. Umma ta yi guɗa a ɗaka a hankali don kada maza su ji, Kaka kuwa ta ce angon nata ne, aro ta ba ni. Maƙwabtan da suka daina amsa gaisuwata da kyau su ne suka fara shigowa karɓar alawa. Na yi barci kamar an sauke mini buhu daga ka, na tashi da yunwar da na ba ku labari.

Da a nan zan tsaya. Amma ina cikin rubuta muku wannan, hannuna ko gama bushewa bai yi ba, saƙon murya ya shigo. Gwaggo Rakiya. Na ɗauka maganar anko ce, na buɗe ina murmushi. Muryarta can ƙasa, kamar ta shige bayan ƙofa.

"Aina'u 'yata, wannan tsakanina da ke ne, ko Musbahu kada ya ji. Na kwana ina tunani. Abin nan naki bai san mu ba, amma ya ce ranar haihuwar yaron nan ranar mutuwa ce, kuma haka aka yi. To ga ƙanwarku Mubina, mutum biyu ne suka fito, na rasa wanda zan ba. Zan kawo miki ranakun haihuwarsu. Ki ɗan juya mini kwalin nan."

Na saki wayar a kan katifa. Sunayen ashirin ne kacal, duk cikin mutum ashirin sai an sami wanda ya faɗo a kan wannan alamar, har da waɗanda iyayensu mata suke nan da ransu suna cin goro. Dacewa ce kawai, na sani, na rubuta shi a bincikena. Amma ta yaya zan faɗa wa matar da ta goyo jinjiri da azumi a bakinta cewa ranar da ta fi kowace rana ciwo a rayuwarta dacewa ce? In na ce to, na zama abin da ta zarge ni da shi, na kuma karya maganar Baba. In na ce a'a, na kunyata uwar mijina tun ban shiga gidan ba. Ban ma sani ba ko da gaske take, ko gwada ni take yi.

Na ɗauki wayar na fara rubuta "Gwaggo, ku yi haƙuri," na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ta riga ta ga na saurara.

Yanzu haka adaidaita ce ta tsaya a ƙofar gida. Ga ƙamshin turaren nan ya riga ta shigowa, ga muryarta a zaure tana sallama, tana ce wa Umma ba zama za ta yi ba, wajen 'yarta Aina'u ta zo.